Matsorata Na Mokhethi Ne

Akwai wani malamin wasan zamiya a kan ƙanƙara mai suna Tlali, yana aiki a wani wurin hutu can saman duwatsun Lesotho. Iyawa kam ya iya. In ya sulalo daga saman gangare, har masu shan shayi sukan ajiye kofi su bi shi da kallo. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya ƙaunar jin an yabi wani.

Wanda ya tsone masa ido kuwa Mokhethi ne, ɗan ƙanin babansa, wanda shi da kansa ya samo wa aikin. Baƙi na son Mokhethi saboda fara'arsa. Duk ranar da Tlali ya ji wani baƙo ya ce "ina Mokhethi?", ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Da sanyin Yuni ya kama, don a can lokacin ne hunturu, masu hutu suka fara cika wurin, sai manaja Limpho ta tara malamai.

Ta ce, "Ƙarshen Agusta wata makarantar zamiya a ƙasar Ostiriya za ta turo wakiliya. Mutum ɗaya za su ɗauka ya je ya koyar a can."

Tlali ya daɗe yana mafarkin tafiyar nan. Ya saci kallon Mokhethi, ya ga shi ma idonsa ya yi haske.

To, Tlali ne ke raba ɗalibai kowace safiya. Sai ya shiga tsince wa kansa samari masu jini a jika, waɗanda dama sun iya. Masu rawar ƙafa, da tsofaffi, da masu kuka tun kafin a ɗaura musu takalmi, duk ya tura wa ɗan'uwansa.

Yakan ce, "Ga naka nan, sarkin lallashi. Ka yi ta raino."

Mokhethi ya yi dariya ya ce, "Yaya, yau ma? Ko ɗaya mai tsayuwa da ƙafarsa ba ka rage min ba?"

"Ai kai suke so. Ba sunanka suke kira ba?"

Haka sanyin ya tafi. Tlali na can sama yana burgewa, Mokhethi na ƙasa yana ɗaga wanda ya faɗi. Ran Tlali fari ƙal, a ganinsa ya binne yaron.

Wakiliyar ta iso, wata dattijuwa marar yawan magana. Tlali ya hau can ƙololuwa ya sauko mata kamar iska. Ta gyaɗa kai kawai.

Ta ce, "Masu gudu muna da su har sun yi yawa. Mu baƙinmu yawanci ba su taɓa taka ƙanƙara ba. Ga irinsu can, tayar min da shi."

Wani ƙaton mutum ne daga Durban, ya zauna daɓas a tsakiyar fili, ya rantse ba mai ɗaga shi.

Tlali ya je ya ce, "Tashi mana, Baba. Ba wuya fa, kalle ni."

Mutumin ya ce, "Kai ɗin nake kallo tun ɗazu, shi ya sa na zauna."

Tlali ya yi bayani, ya ja hannu, har ya fara ɗaga murya. Ko gezau.

Aka kira Mokhethi. Yana zuwa ya zauna kusa da mutumin a kan ƙanƙarar, ya tambaye shi labarin zafin Durban. Suna cikin hira ya kwance masa katakon zamiyar da ke ɗaure a ƙafarsa ɗaya, ya ce su ɗan taka tare. Kafin shayi ya huce, ƙaton nan na sulalowa a hankali yana kiran matarsa ta ɗauki hoto.

Wakiliyar ta tambayi Mokhethi, "A ina ka koyi wannan?"

Ya nuna Tlali da zuciya ɗaya, ya ce, "Yayana ne. Duk sanyin nan bai taɓa ba ni mai sauƙi ba."

Ta miƙa wa Tlali hannu ta ce, "Ka horar mana da malami. Shi za mu ɗauka, mun gode."

Tlali ya karɓi hannun.

Darasi: Hassada ba ta rage wa wanda kake yi wa ita komai. Wahalar da ka jibga masa don ya durƙushe, ita za ta ƙara masa ƙarfi, kai kuma ka tsaya inda kake. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila wani ya duba zuciyarsa.