Marka da Tsingaron Kaka

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane, ana ce mata Inna Hansai. Tana da 'ya ɗaya, Marka, wadda ta girma a gefenta tana kwaɓa mata yumɓu. Duk abin da Marka ta tambaya, amsar Inna ɗaya ce: "Haka uwata ta yi."

Ana nan, sai aka yi ambaliya, yashi ya binne ramin da suke ɗibar yumɓu tun zamanin kakanni. Suka koma ɗiba a fadama. Inna ta gina randa, aka gasa, ta tsage. Ta sake, ta tsage. Ta gina ta uku, ita ma haka.

Sai tsohuwa ta zauna tana duban tafin hannunta. Ta ce, "Marka, hannuna ya mutu. Na bar gini." Daga ranar ko tuwo sai an lallashe ta take ci.

Abin ya dami Marka. Da hantsi tana zaune a bayan ɗaki, inda aka tara tsingaron tukwanen kakarta ba mai taɓawa, sai ga Zanzaro yana ginin ɗakinsa a jikin bango.

Ta ce, "Sannu da aiki, mai siririn ƙugu. Kai da gininka ba ya tsagewa, koya mini mana."

Zanzaro ya ce, "Ni ba na koyarwa, 'yar Inna, tambaya kawai na iya. Hannun tsohuwa ne ya canja, ko wani abu?"

Sai Marka ta ɗauki tsingaro ɗaya na kaka, ta ɗauko ɗaya na sabuwar randa, ta karya su, ta duba cikinsu. Na kaka da 'yan tsakuwoyi mitsi-mitsi. Sabon kuwa sumul kamar sabulu.

Ta ce, "Ashe ƙasar ce!"

Zanzaro ya ce, "To, sai me?" Ya yi fir ya tashi.

Marka ta zuba yashi cikin yumɓu, ta gina ɗan tulu, ta gasa. Tana ɗagawa ya marmashe a hannunta. Zanzaro ya leƙo, ya ce, "Kai, madalla da wannan gari! Na kunu ne?"

Ta harare shi. Ta sake kwaɓi da ƙaiƙayi. Wannan karon tulu bai tsage ba, amma da ta zuba ruwa sai ya yi ta yoyo ta ko'ina.

Zanzaro ya ce, "Rariya kika gina. Ina ƙaiƙayin ya tafi?"

Ta ce, "Wuta ta cinye shi, ya bar ƙofofi."

"To mene ne wuta ba za ta ci ba?"

Sai idon Marka ya faɗa kan tsingaron kaka. A hankali ta ce, "Abin da ya riga ya sha wuta."

Ta kwaso tsingaro, ta zuba a turmi. Taɓarya ta yi ƙara sau ɗaya, sai ga Inna a bakin ƙofa.

"Ke Marka! Tukwanen uwata za ki daka?"

Marka ta durƙusa. Ta ce, "Inna, shekara nawa suna nan kaji na hawa kansu? Ki bar su su taimake mu. In bai yi ba, ba zan ƙara ba."

Can tsohuwa ta ce, "Daka ki tankaɗe. Kada ki bar masu kaifi, za su yanke ni."

Marka ta ji wannan magana, ta sunkuyar da kai don kada Inna ta ga murmushinta. Ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da yumɓun fadama. Inna ta naɗe hannun riga ta gina randa. Aka shanya, aka gasa. Da wuta ta huce, tsohuwa ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, randa ta amsa garau. Aka cika ta da ruwa, ko ɗigo bai fita ba.

Inna ta shafa cikin randar, ta ce, "Uwata na ciki, hannuna na waje." Sai ta juyo: "Ke, wa ya koya miki?"

Daga bango Zanzaro ya ce, "Ba ni ba ne, Inna. Ni tsokana kawai na yi."

Ran nan tsohuwa ta cinye tuwonta, ta nemi ƙari. Tun daga lokacin, in Marka ta yi tambaya, sai Inna ta ce, "Ban sani ba. Zo mu duba."

Kun ji. In aiki ya ƙi, kafin mutum ya zargi hannunsa, ya tsaya ya tambayi abin da ya canja.

Kurunkus, kan ɗan zanzaro.