Kurege da Mangalar Mazarƙwaila

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Kura ce za ta aurar da 'yarta, ta ɗora wa Jaki mangalar mazarƙwaila. A hagu curi goma sha ɗaya. A dama curi uku, da ƙunshi biyu na uwar ango, masu cin curi daidai da juna, ta ɗinke bakinsu tsaf. Mangala ta zauna daram, ba ta rinjaya ko'ina ba.

Ta kira Kurege ta ce, "Raka Jaki gidan surukaina, ina tafe bayanku. In kaya suka faɗi, ko ka taɓa su, kai ne abincin biki."

Kurege ya ce, "Ni da zaƙi, Yaya Kura? Ai ciwon haƙori nake."

Kun ji maƙaryaci! Ko garin ba su bari ba ya zaro curi a hagu ya lamushe. Mangala ta karkace dama, za ta zube.

Jaki ya ce, "Kai, mangala ba ta son son kai. Abin da ka yi wa hagu, yi wa dama."

Kurege ya zaro ɗaya a dama ya lamushe, mangala ta zauna. Ya ce, "Wannan doka ta yi mini!" Ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Jaki ya ce, "Sam mini mana." Kurege ya ce, "Zaƙi na ɓata murya, ga taka dama yaya take."

Uku sun tafi nan, uku sun tafi can. Saura takwas a hagu, ƙunshi biyu a dama, mangala daram.

Sai ga Kura. Ta leƙa, ta ce, "Ina curi shida?"

Bakin Kurege bai mutu ba. Ya ce, "Aljanun tsamiya suka karɓi kuɗin hanya. Ni kaɗai na gan su, don ina da ido."

Kura ta ce, "Mai ido ko? Faɗa mini curi nawa ke cikin kowane ƙunshi. Ka kuskure, na haɗiye ka."

Kurege ya rufe ido, yana ta ƙus-ƙus da baki. A ransa kuwa cewa yake, ƙunshi biyu sun tsaya wa takwas, in aka raba gefen nan biyu, a raba wancan biyu. Ya zabura ya ce, "Huɗu-huɗu!"

Kura ta duba ɗinki, ba a taɓa ba. Ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, ga curi ɗaya sadaka."

Da mai hankali ne, ai sai ya ce ya yafe. Ina! Ya buɗe baki zai kai. Jaki, da abin ke cinsa tun ɗazu, ya ce, "Malam, a yi a hankali, na bakwai ke nan fa."

Caraf Kura ta cafke kunnen Kurege na dama da haƙora.

Kurege ya ce, "Wayyo Yaya, ba a ɗaukar kaya ta gefe ɗaya, sai su zube! Haɗa da na hagu!"

Kura ta buɗe baki za ta haɗa. Wuf, Kurege ya faɗa rami, ya bar mata rabin kunne.

Ya isa gida kai a karkace, yana kuka yana ba matarsa labari, har da dokar mangala. Ta saurara tsaf, ta ce, "Sannu maigida. Lallai doka ce mai kyau." Ta ɗauko aska ta ce, "Juyo da na hagun."

Shi ya sa har yau kunnen kurege ɗan mitsitsi ne, amma fa daidai wa daida.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In za ku ci amana, yara, ku ci ta dama da hagu, kuma ku sam wa jaki.