Ɗakin da Littattafai Suka Cinye

An ce a Malumfashi an yi wani tsohon malamin makaranta, Malam Lawandi, wanda bai taɓa gilmawa ta gaban mai sayar da littattafai ya dawo gida hannu rabbana ba. Littattafai suka cika ɗakinsa, suka tsallaka zaure, suka mamaye ɗakin matarsa tun tana da rai. Da ta rasu sai gidan ya zama nasu baki ɗaya. Shara sai an ga dama, kwanuka kuwa su wuni a bakin rijiya. Abokiyar zamansa wata tsohuwar kyanwa ce.

Ran nan 'yarsa Hansatu ta bugo waya. Cikinta na fari ya tsufa, lokaci ya yi da za ta dawo gida ta haihu, ta yi wankan jego.

"Baba, ɗakin Inna nake so. Goggo ta ce za ta zo ta kula da ni. Amma in babu wuri, sai in wuce wajenta Bakori."

Malam ya leƙa ɗakin, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Ya ɗauki littafi guda zai fitar, ya ɗan buɗe, sai ga shi zaune yana karatu har azahar.

Kyanwa ta ce, "Malam, a haka jaririn zai yi gemu ba ka gama ba. Ka taɓa jin labarin Alaramma Gwadabe?"

"Ban ji ba."

Ta naɗe jela ta fara:

"Alaramma Gwadabe ya gaji littattafan rubutun hannu daga kakanninsa, ya zuba su a gafakan fata, ya rataye a bango. Ba ya ba da aro, ba ya kuma yarda a shiga da tsintsiya, wai raini ne a tayar wa ilimi ƙura. Wata rana yayarsa Kande ta zo, ta ga gara ta fara gini a jikin bango. Ta ce, 'Gwadabe, zauna in ba ka labarin dawar Tasalla.

"'Tasalla, wata tsohuwa a ƙauyenmu, tana da irin wata farar dawa, kununta ba ya bukatar zuma. Maƙwabta suka yi ta roƙon ko tafi guda su shuka, ta hana. Har ita ma ta daina shukawa, don kada a saci zangarniya a gona. Ta ɗura irin a tulu, ta liƙe bakin da laka. Shekarar da ta buɗe sai ta tarar da gari, ƙwari sun gama da shi. Ta bi gida-gida tana tambaya ko wani na da saura. Wa zai samu, ita da ba ta ba kowa ba? Da ta ba mutum ɗaya, Gwadabe, da yau ma muna shan kunun.'

"Alaramma ya yi dariya ya ce, 'Yaya ke nan, ai ilimi ba dawa ba ne.' Da ɗansa ya dawo daga karatu ya nemi ganin rubutun kakansu, aka sauke gafaka, aka ji ta yi nauyi. Ƙasa ce cike. Dattijon nan ya zauna ya yi kuka kamar yaro."

Kyanwa ta dubi Malam. "Shi gara ta cinye masa littattafai. Kai naka lafiyarsu lau, su ne suke cinye maka gida."

Ran Malam ya ɓaci. "Ke da ko alif ba ki sani ba?"

"Ban sani ba. Amma na san abin da ke ƙuryar can. Kwashe waɗancan mujallun ka gani."

Ya kwashe, ya kwashe, har hannunsa ya taɓa ƙarfe. Ƙatuwar tukunya ce, sabuwa, ba ta taɓa ganin wuta ba.

"Bayan bikin Hansatu Inna ta saye ta," in ji kyanwa, "don dafa ruwan wankan jego. Kai ka ga wuri mai kyau da danshi ba ya shiga, ka cika ta da takardu. Ta yi ta roƙon ka rage mata wuri, kullum ka ce gobe. A gefen gado ta yi jinyarta, rabinsa littattafai ne."

Malam ya shafa bakin tukunyar.

"Kin yi gaskiya," ya ce.

Ya aika wa tsofaffin ɗalibansa kowa ya zo ya ɗebi abin da zai karanta, sauran a kai makarantar unguwa. Ya share ɗakin da kansa, ya ja tukunyar bakin rijiya ya wanke, sannan ya kira Hansatu.

"Ki taho, ɗakin Innarki yana nan."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon faɗin ɗakin. Ashe babba ne. Mai shi ce dai ba ta samu ta gan shi haka ba.