Kwana Uku a Bencin Tasha

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani na karamomin Shehinmu, masanin Allah, kogin ilimi, ma'abocin tsentseni da gudun duniya, wanda harshensa ba ya bushewa daga ambaton Ubangiji, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya tsarkake sirrinsa. Manyan ɗalibansa sun faɗi zurfinsa a fiƙihu da tafsiri, kuma sun fi ni sanin wannan fage. Ni kafinta ne, wurin zamana a majalisinsa tabarmar ƙarshe ce kusa da takalma, kuma kantar littattafansa da na haɗa ita ta fara shigar da ni zaurensa.

Tun ina ƙarami Allah Ya jarrabe ni da tsokana da iya kwaikwayon murya. Na haura arba'in, ina da 'ya'ya biyar da furfura a gemu, amma in na wuni ban ja wani ba sai in ji kamar ban karya ba. A layin shagunanmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba tela, gwanin ɗinki ne ƙwarai, sai dai kalma ɗaya ya riƙe wa duk mai zuwa karɓar kaya: gobe. Yadina ya yi wata huɗu a ƙarƙashin kekensa, kullum na leƙa sai ya ɗago tabarau ya ce, "Ɗan nema, ka dawo gobe, wuya kawai ya rage."

Baba tela yana da ɗa guda, Dogo, abokin ƙuruciyata, wanda suka yi saɓani ya bar gida shekara goma sha ɗaya ba wasiƙa ba waya. Ran nan Shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa, na ce bari tsohon nan ya ɗanɗana yadda jiran gobe yake. Na ari wayar wani direba da ya kawo mini katako, na shige bayan shago, na kira Baba tela, na shaƙe murya irin ta Dogo, na ce masa ga ni nan tafe gobe a motar yamma, na kashe.

Na ɗauka zai je tasha sau ɗaya, ya dawo yana zage-zage, in fito in yi dariya, a wuce wurin. Washegari tun azahar ya ja ƙofar shagonsa, ya sa rigar da ban taɓa ganinta a jikinsa ba, ya bi layi shago-shago yana shaida wa mutane ɗansa zai dawo. Motar yamma ta zo ta sauke kowa babu Dogo. Ya ce ƙila hanya ce ta riƙe shi, ya koma kashegari, ya sake komawa, har kwana biyar. Mutum ne mai hawan jini, ga rana, ga shi ya daina cin abin kirki don kada mota ta iso yana wurin mai abinci. Uwar 'ya'yana ta dawo daga gidan Baba tela ta ce mini ƙafafunsa sun kumbura, matarsa na kuka, ta ƙara da cewa duk wanda ya yi wa tsohon nan haka in ƙarya ce, Allah Ya isa. Na ce amin da ƙaramar murya.

A rana ta shida na tafi majalisi bayan la'asar. Na tarar ɗalibai suna ja-in-ja a kan abin da ke sa aiki ya zama mai kyau: wani ya ce bin doka ne ko da me zai biyo baya, wani ya ce a dubi amfanin da aikin ya haifar, wani kuma ya kafe a kan niyya. Shehu yana jinsu yana jan carbi. Da na ga ƙofa ta buɗe, sai na gyara murya na ce, Allah Ya gafarta Malam, wai wani abokina ne ya yi wasa da wani dattijo, niyyarsa dariya ce ba cuta ba, dattijon ma ya yi farin cikin da ya daɗe bai yi ba, kuma ba wanda ya san shi ne. Shin yana da laifi? Wato duk hujjojin da na ji a bakin ɗalibai na tattara na ɗinka wa kaina riga da su.

Shehu, Allah Ya ƙara masa haske, bai ko dube ni ba. Ya sallami ɗalibai, ya bari sai da zauren ya rage mu biyu, sannan ya ce, "Wayar direba ka ara."

Wallahi ban gaya wa ko inuwata ba. Na fara rantse-rantse ina roƙon ya rufa mini asiri, don in 'yan layi suka ji ba ni da sauran fuskar buɗe shago. Ya bari na gama, sannan ya yi magana a hankali kamar yadda ya saba.

"Yaro yana barin ɓarna don tsoron bulala, saurayi don kunyar idon mutane, kuma duka biyu matakala ce mai kyau, amma ba a kwana a kan matakala. Tun da ka zauna kanka kake wa kuka. Je ka zauna kusa da shi a tasha. Kada ka gaya masa kome sai ranar da ka ji shi kake tausayi."

Daga nan ya rufe ido, ya yi shiru mai tsawo har na zaci barci ya ɗauke shi, leɓɓansa kawai ke motsi. Da ya buɗe ido sai ya ce in tafi.

Bencin tashar nan na katako ne mara kyau, duk wanda ya yi shi bai san aikinsa ba, ƙusa ɗaya ta yi ta cin wandona. Ranar farko lissafin yadda zan tsira kawai nake yi. Baba tela ya ji daɗin zuwana, ya ce cikin abokan Dogo ni kaɗai na tuna da zumunci, maganar da ta fi mari zafi. Rana ta biyu ya buɗe wata leda ya nuna mini riga da ya ɗinka wa ɗan, ya ce da ka ya yi awon, ya ƙara faɗi kaɗan ko yaron ya yi jiki. Ya ba ni labarin saɓaninsu, ya ce shi ne ya yi masa baƙar magana a gaban mutane, kuma shekara goma sha ɗaya yana juya kalmar a bakinsa. Na lura duk motar da ta shigo sai ya miƙe da kyar, ya gyara hula, ya bi masu sauka da ido ɗaya bayan ɗaya, in ta ƙare ya zauna ya ce, "To, ta gaba."

Rana ta uku na daina tunanin 'yan layi. Ya miƙe wa wata mota jiri ya kwashe shi, na tare shi, na ji jikinsa ba nauyi kamar buhun auduga. Nan na durƙusa a kan ƙasar tasha gaban masu dako da masu sayar da ruwa, na ce, "Baba, ni ne na kira ka. Dogo bai kira ba. Ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma don Allah mu tafi gida."

Ya daɗe yana kallona, hawaye na bin gefen tabaransa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Can ya ce, "Matsa, ɗan nema, ka tare mini hanya. Bari in ga ta ƙarshe, na riga na saba."

Ta ƙarshe ta shigo, mata suka sauka, wani mai kaji ya sauka, sai ga wani dogon mutum ya sunkuyo daga ƙofa riƙe da jaka ɗaya. Ni na fara gane shi. Abin da ya biyo baya ba ni da ilimin rubuta shi. Na dai san na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina kuka, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina har na ji iska tana shiga wuraren da ta daɗe ba ta shiga ba. Da Baba tela ya gama rungumar ɗansa, ya waiwayo ya kama kunnena ya murɗa sosai, ya ce wannan na wayar ne, sauran kuma ya yafe. Ban taɓa jin daɗin zafi irin na ranar ba.

A hanya Dogo ya gaya mana cewa kwana uku da suka wuce, bayan la'asar, yana ɗaura takalmi a ƙofar masallaci a garin da yake aiki, tafiyar kwana biyu daga nan, wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mahaifinka yana zaune a rana." Kafin ya ɗago ya nemi mai maganar, babu shi. A daidai wannan lokaci kuwa ni ina durƙushe gaban Shehu, yana zaune idonsa a rufe.

Da muka je godiya mu uku, Dogo yana shiga zaure ya tsaya cak, ya damƙe hannuna ya ce shi ne. Shehu ya yi murmushi ya ce, "Mutane suna kama da juna. Ku gode wa Allah, ku kai dattijon nan a duba ƙafafunsa."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake ba bayinsa na gari abin da Ya so. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu daraja da kusanci, Ka tsawaita kwanansa cikin lafiya, Ka sa albarkarsa ta lulluɓe mu da iyayenmu da zuriyarmu, har ta kai ga mu na tabarmar ƙarshe. Amin.