Ranar da Bunsuru Ya Ce a Ɗage Dokar Kareti

An yi wani Bunsuru mai ji da kansa a makarantar kareti ta Malam Shamuwa, can gindin tsamiya. Wajen tsalle ba shi da na biyu. In ya tashi sama ya ce "Hayya!" sai kaji su watse.

Ranar gasar cin baƙar ɗamara, aka haɗa shi da Bushiya, 'yar ƙarama mai haƙuri. Bunsuru ya yi dariya har gemunsa na rawa.

"Malam, da wannan dunƙulen zan kara?"

"Ku rusuna wa juna," in ji Malam Shamuwa, yana tsaye da ƙafa ɗaya.

"Ni in rusuna wa wadda ba ta kai gwiwata ba? Kullum doka! Kar a yi tunkuyi, kar a yi cizo, in an ce tsaya a tsaya. Ƙahon nan ado aka ba ni?"

"Yaya Bunsuru, dokar nan ta mu duka ce fa," in ji Bushiya.

"Rufe mini baki, matsoraciya! Malam, a ɗage doka yau kawai."

Malam ya leƙo da dogon wuyansa. "Bushiya, kin yarda?"

"Tunda ya nace, Malam."

Daɗi ya kashe Bunsuru. Ya ja da baya, ya tona ƙasa da kofato, ya sunkuyar da kai, ya sheƙo a guje.

Ita kuwa Bushiya, da ma doka ce ta sa take kwantar da ƙayoyinta. Sai ta dunƙule, ta miƙar da su cirko-cirko.

Caraf!

"Wayyo hancina! Meee! Malam, ka ce tsaya! Ka ce tsaya mana!"

"Da wace dokar?" in ji Malam.

Bunsuru ya zagaya tsamiya sau bakwai da ƙayoyi a hanci, 'yan kallo suna birgima don dariya. Da ƙyar ya zube gaban Bushiya, ya rusuna har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Hajiya Bushiya, a dawo da doka, don Allah!"

Ta zare masa su ɗaya bayan ɗaya, yana atishawa. Ɗamara ta zama tata, amma don ƙanƙantarta sai da aka naɗa mata ita sau tara kafin ta zauna mata daidai.

Darasin wannan labari shi ne, doka ba raggo kaɗai take karewa ba. 'Yan wasa, direbobi da ɗalibai duk suna bin ta ne domin kowa ya koma gida lafiya, har shi mai ƙarfin.