Fenti Biyar a Kan Tsaga Ɗaya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke bakin kogi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don akwai masu dangi a can a cikinku. Kun saba in ce muku a zamanin da. To na yau ba na zamanin da ba ne, na zamanin wayar nan ce da ke aljihunku, wadda wani ma yanzu haka yake latsawa a bayan ginshiƙi yana zaton ban gan shi ba. Ajiye ta, ɗan'uwa, ai labarin nata ne.

Sunan mutumin nan Haladu. Manomin rani ne, albasa yake yi. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, in ana taro ma can baya yake zama kusa da takalma. Amma in Haladu ya cika maka buhu, abin da ka gani a baki shi za ka tarar a gindi. Duk kasuwar an san haka.

Abin da ya mallaka a duniya bayan fadamarsa shi ne wani tsohon injin ban-ruwa mai shan gas, wanda ya gada daga mahaifinsa, Malam Jatau. Ku saurara da kyau a nan, don za mu dawo kansa. Malam Jatau yana da al'adu biyu game da ƙarfe. Ta farko, duk ƙarfen da ya shigo hannunsa sai ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga masa ɗigo uku, shaidar nasa ne. Ta biyu, duk ƙarfen da ya mutu, ba ya barin gidansa sai ya sa guduma ya ragargaza shi. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ni na san ya mutu. Wanda zai tsince shi bai sani ba."

To, wata shekara, albasa ta fara yin kai a ƙasa, lawashi ya yi kore shar, saura 'yan makonni a cire, sai injin ya yi wani irin tari ya tsaya. Haladu ya kira bakaniken garin, Tanimu, abokinsa tun suna yara. Tanimu ya kwance, ya duba, ya goge hannu a tsumma ya ce, "Haladu, kan injin ne ya tafi. Wanda muka sa shekara uku da suka wuce, lokacin da na babanka ya tsage. Shi ma ya bi sahu."

"A ina za a samu wani?"

"Irin wannan tsohon? An daina kawo shi. Sai dai na hannu, in an dace."

Ku da kuke noma kun san albasa a wannan gaɓar. Kwana biyar ba ruwa, sai dai a yi mata ta'aziyya. Kuma wannan albasar ita ce abincin gidan Haladu na shekara guda, ba shi da wani abu bayanta.

Suka zaga shagunan kayan gyara na garin, babu. Suka shiga gari na gaba, babu. Rana ɗaya ta tafi. Sai Tanimu ya ciro waya ya buɗe irin shafukan nan da ake tallar kayan hannu, kowa ya ɗauki hoton kayansa ya sa lambarsa. Suna dubawa, suna dubawa, sai ga shi. Kan inji irin nasu sak, kore, yana walƙiya, kuɗinsa bai kai rabin abin da suka yi tsammani ba.

Haladu ya kira lambar. Muryar da ta ɗauka, wallahi sai ka ce limami. Sallama cikakkiya, ya gida, ya iyali, ya ibada. Ya ce shi Alhaji ne, daga injinsa ya cire, lafiyarsa ƙalau, bukata ce kawai ta taso.

Haladu ya ce, "Alhaji, ko in shigo mota in zo in gani?"

"Haba Malam, ka ɓata kwana biyu a hanya albasa tana ƙonewa? Ni ma manomi ne, na san zafin abin. Ga wani ma ya kira tun safe yana roƙo, amma kai naka ya fi ba ni tausayi. Turo kuɗin yanzu, in ba direba, gobe da hantsi ka karɓa a tasha."

Jama'a, ku ƙirga da ni. Araha da ta wuce hankali. Kada ka zo ka gani. Wani yana jira. Turo yanzu. Ko guda ɗaya daga cikinsu ta isa mutum ya ja da baya. Amma wanda gonarsa ke bushewa a gaban idonsa, kunnensa abin da yake so kawai yake ji.

Matar Haladu, Tabawa, tana da akuya mai ciki da take ji da ita. Ita da kanta ta kwance ta ta miƙa masa igiyar, ta ce, "Malam, kai ta kasuwa. In albasa ta yi, ai akuya ta dawo." Ya sayar, ya tura kuɗin.

Kuma kaya ya zo, wannan shi ne abin da ya ƙara kwantar masa da hankali. Da hantsi direba ya sauke masa buhu mai nauyi a tasha. Suka kai fadama, Tanimu ya ɗaura, ya ɗaure notuna, aka juya inji ya tashi. Ruwa ya fara gudu a fangali na farko, Haladu yana ta hamdala. Bai kai ga fangali na uku ba sai farin hayaƙi ya turnuƙe, injin ya shaƙe ya mutu. Tanimu ya zaro ƙarfen awon mai, sai ga baƙin mai ya koma fari kamar kunu. Ruwa ya shiga mai.

Ya sake kwancewa, ya kankare gefen da farce. Tsaga ce, an cusa mata gam, an shafe da fenti.

Haladu ya kira lambar Alhaji, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Suka buɗe shafin, tallar ta ɓace kamar ba a taɓa sa ta ba. Ya zauna a kan kunyar gona. Ba kuɗin ne ya fi girgiza shi ba. Cewa yake, "Tanimu, mutumin nan fa har addu'a ya yi wa albasata."

To a nan jarrabawar ta zo, kuma ba daga baƙo ta zo ba, daga bakin aboki ta zo.

Tanimu ya ce, "Ka ga, kuka ba zai shayar da gona ba. Akwai gam a shagona, akwai fenti. Kafin la'asar na mayar da shi sabo. Mu ɗauki hoto mu sa, yau ɗin nan za a saya. Ka karɓi kuɗinka, gobe mu shiga birni da kanmu mu nemo na gaske. Har yanzu albasa tana da kwana biyu."

"In sayar wa wani, na san fasasshe ne?"

"Kai wa ya tausaya maka? Ba kai ka fara ba. Haka kowa yake yi, yadda ya zo maka haka za ka tura shi gaba."

Kada ku zagi Tanimu da yawa, don son abokinsa ne ya sa shi, kuma da yawa cikinmu abin da za mu ce ke nan. Bai ma jira amsa ba. Hoton tallar farko yana wayarsa, sai ya sake sa shi da lambar Haladu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Haladu ya tashi ya yi wa'azi ba. Ya dubi lawashin da ya fara kwanciya, ya tuna Tabawa da igiyar akuya, zuciyarsa ta fara cewa, to ai sau ɗaya ne. Can sai ya ce, "Ba ni wuƙar nan in ga iyakar tsagar."

Ya fara kankarewa. Koren fenti ya tashi, sai ga shuɗi a ƙarƙashinsa. Ya ci gaba, shuɗi ya tashi, sai ga ja. Ƙarƙashin ja baƙi. Ƙarƙashin baƙi ruwan toka. Kowane fenti da nasa gam ɗin a kan tsagar nan guda ɗaya.

Tanimu, wanda ya shekara ashirin yana kwance inji, ya matso yana kallo baki buɗe. Ya ce, "Innalillahi. Haladu, fenti biyar. Hannu biyar ke nan. Na farko ne kaɗai ɗan damfarar asali. Sauran huɗun irinka ne, an cuce su suka shafe suka tura gaba."

Haladu ya ci gaba da kankarewa har wuƙar ta kai ga ƙarfe tsura, kuma bakinta ya faɗa wani ɗan rami. Ya kankare gefensa, ga wani. Ya ƙara, ga na uku. Ɗigo uku a jere, bugun ƙusa.

Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Tanimu ya riƙe shi yana tambayar lafiya.

"Na babana ne."

"Wane na babanka?"

"Wanda ya tsage shekara uku da suka wuce. Wanda ka cire da hannunka."

"Ba ka fasa shi ba?"

Ashe bai fasa ba. A ranar, wani ɗan gwangwan ya zo wucewa da kurarsa yana sayen tsofaffin ƙarafa. Haladu ya tashi ɗauko guduma, sai mutumin ya ce, "Bar shi haka Malam, ya fi daɗin ɗauka, zan ma ƙara maka ɗan wani abu." Haladu yana saurin zuwa sunan ɗan ƙanwarsa, ya ce ai narkar da shi za su yi. Bai yi ƙarya ba, bai ɓoye tsaga ba, a matsayin mataccen ƙarfe ya sayar. Guduma kawai ya bari a jingine. Shekara uku ƙarfen nan yana yawo gari gari yana cin gonakin mutane, har ya zagayo ya ci akuyar Tabawa.

Suna nan tsaye sai wayar Haladu ta yi ƙara. Wani ne ya ga tallar. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "Malam, don Allah kan injin nan yana nan? Tumatirina kwana uku ba ruwa. Ka ba ni lambar asusu in turo yanzu, kada ka ba kowa."

Tanimu yana yi masa alama da hannu ya amince. Kuɗi ga su nan, albasa ga ta nan, saura kalma ɗaya.

Haladu ya ce, "Bawan Allah, kada ka turo. Fasasshe ne. Gam aka sa aka yi fenti, ni ma jiya aka cuce ni da shi. Kuma in ka sake ganin hoton nan a ko'ina, kada ka saya. Duk wanda ka samu, ka ɗauki bakanikenka ku je ku gani da ido."

Kun san abin da mutumin ya ce? Cewa ya yi, "Wai kai wane irin ɗan damfara ne? Wannan kuma sabon salo ne?" Ya kashe wayar. Ku duba inda muka kai, jama'a. An gaya wa mutum gaskiya, ya ɗauka tarko ne.

Haladu ya sa Tanimu ya sauke tallar, ya ɗora hoton tsagar da fentinta biyar a madadinta don wasu su gani. Sannan ya taka har gida ya ɗauko gudumar mahaifinsa. Ya dawo fadama, ya aza ƙarfen a kan dutse, ya yi ta dukansa yana hawaye har ya tarwatse. Tanimu bai hana shi ba. Da hannun Haladu ya gaji ma shi ya karɓi gudumar ya ƙarasa.

Na san kuna jira in ce washegari wani attajiri ya aiko masa da sabon inji. Ba a aiko ba. Shi da Tabawa suka koma ɗiban ruwa da bokiti daga kogi, daga asuba har rana ta yi zafi, suka ceci fangalan da ke kusa da gaɓa. Sai a rana ta shida wani maƙwabci ya gama nasa ban-ruwan ya ara masa inji. Fiye da rabin albasar ta ƙone. Shekarar nan gidan Haladu sun sha wuya, kuma akuya ba ta dawo ba sai bayan damina biyu. Amma tumatirin mutumin nan da ya zage shi, ba Haladu ne ya kashe shi ba, kuma fenti na shida bai hau ƙarfen nan ba.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. In za ka sayi kayan hannu a waya, hoto ba kaya ba ne, kuma daɗin murya ba shaida ba ce. Je ka gani, ka tafi da wanda ya san aikin, ka kankare fenti in ka ga sabo a kan tsohon ƙarfe, kada kuɗinka ya riga idonka isa. Wanda ya ce maka yi sauri wani yana jira, ka bar wa wanin.

Wannan na kare aljihu ne. Na kare lahira ya fi shi. Kun san matsayin algus a addininmu, ba sai na maimaita ba. Cutar da aka yi maka ba ta halatta maka cutar wani. Mutum huɗun nan da suka shafa fenti, kowannensu da safe abin tausayi ne, da yamma ya zama azzalumi, kuma kowannensu cewa ya yi ba ni na fara ba. In zalunci ya iso hannunka, ka sa ya ƙare a hannunka, ko da kai ne za ka kwana da asarar.

Kuma ku duba, Haladu mutumin kirki ne, bai yi ƙarya ko ɗaya ba, guduma kawai ya yi ƙyuyar ɗagawa, gida biyar suka shiga uku har da nasa. To kai da ka san batirin nan ya mutu, ka san wayar nan ta sha ruwa, ka san injin babur ɗin nan yana shan mai, ka wanke ka ɗauki hoto ta gefen da ya fi kyau ka rubuta lafiya ƙalau, me za ka ce? In an sallame kowa ya koma gida ya duba abin da ya ajiye a bayan ɗaki yana jiran wanda bai sani ba. In na faɗa ne, ka faɗi aibinsa. In na fasawa ne, ka nemi guduma tun yau.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wanda ya yarda da mu, Ya ba mu ƙarfin hannun da za mu fasa tun kafin a tambaye mu. Ku tashi mu yi sahu.