Ƙasar Cike Rami

Wani kamfani ya zo zai haƙa ƙaton ramin ma'adinai a gonakin Kwarin Gawo duka, ban da ta Dagaci.

Dagaci ya ce, "Wanda bai yarda ba ya nuna min ɓarnar ramin tun ba a haƙa ba, ko ya ja bakinsa!"

Tabawa, tsohuwar maginiyar tukwane, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, tambaya ce kawai. In sun gama, ramin fa?"

Wakilin kamfani ya ce, "Cikewa za mu yi, Iya."

"Da ƙasar da kuka kwashe a motoci?"

"Sai mu ɗebo wata a kusa."

"Madalla! Ai gonar Dagaci ce kaɗai za ta rage."

Dagaci ya ajiye biro. "Kwashe motocinka, yaro. Ba na sa hannu."